Birkin Silifas

Keken na ƙanena ne, Allah ya jiƙansa. Baƙin ƙarfe ne irin na da, mai nauyi, mai faffaɗar kariya a baya, kuma ya yi shekaru yana ɗauko buhunan albasa daga fadamarmu ta wajen Danchadi zuwa Bodinga. Tun da na san keken ban taɓa ganinsa da birki ba. Mu masu ɗaukar kaya ba mu damu da wannan ba. In mutum zai tsaya sai ya ɗaga ƙafar dama ya danna diddige a kan tayar gaba, takalmin tayar mota da ke ƙafarsa ya ci robar, keke ya lafa. Haka ubanmu ya yi, haka muka yi, haka kuma ƙanena ya koya wa ɗansa tun ƙafar yaron ba ta gama kai feda ba.

Da ƙanena ya rasu, yaron da uwarsa suka zauna a hannuna. Shekararsa tara a lokacin. Da safe yana zuwa makarantar boko, da yamma ya zauna cikin yaran unguwa da nake biya wa allo a zaure. Ba shi da yawan magana, sai dai duk abin da ya samo a waje ni yake fara kawo wa. Takardar jarrabawa ce, ko kwalba mai kyau da ya tsinta, ko tambaya a kan abin da ya sa jirgin sama ba ya faɗowa, sai ya tsuguna gabana ya ce, “Baffa, duba.” Ni kuwa karatuna na allo ne da ajami. Boko sai dai ya karanta mini, ni in saurara.

Yana da shekara goma sha biyu ya shiga 'yan sikawut na makarantarsu. Da farko ban gane amfanin abin ba, ganin yara na ɗaura ƙyalle a wuya suna buga ƙafa cikin rana. Amma na ga yaron ya soma miƙewa yana dariya, abin da ya yi wuya tun rasuwar ubansa, sai na bar shi. Ya haddace alkawarinsu, yana maimaita mini shi da Hausa, cewa ɗan sikawut ba ya ƙarya, abin a amince masa ne. Na ce masa ai wannan mu ma muna da shi tun kafin a ƙirƙiro ƙyallen wuya. Ya yi dariya.

Wata bazara, bayan mun cire albasa mun jera ta a rudu, wato rumfar kara da muke ajiye ta har kuɗinta ya tashi da damina, ya shigo da takarda a hannu yana haki.

“Baffa, duba. Bajon keke za a ba mu.”

“Mi a bajo kuma?”

“Ɗan ƙyalle na, da hoton keke a jiki. Ana ɗinka shi nan ga hannun riga. Amma sai mutum ya tahi Shagari ya dawo bisa keke, yana tuƙawa da ƙahwatai.”

“To ai ubanka ya tahi Shagari ya hi sau ɗari, ba wanda ya ɗinka mishi komi.”

“Shi ya sa ni za a ɗinka wa, da kekensa.”

Wannan maganar ce ta sa na amince. Na ɗauko alƙalami da tawada na ce ya karanta sharuɗɗan, ina juya su da ajami a bayan takardar don kada in manta. Yaro ya iya faci da kansa. Keke ya kasance da ƙararrawa, da birki gaba da baya. Yaro ya zo cikin kayan sikawut, da takalmin kambas da safa. In ya dawo ya rubuta labarin tafiyar da hannunsa. Malaminsu zai duba kowane keke kafin a tashi.

Na ɗauka abu ne na yini guda. Na tura keken wurin mai gyara da ke ƙarƙashin bishiyar dogon yaro kusa da tasha, mutumin da muka yi ƙuruciya tare. Ya kife shi, ya juya ƙafar baya, ya saurara kamar likita.

“Malam, wanga keke ya girme wa mai hawansa sau ukku. Mi kaka so in yi mishi, gyara ko addu'a?”

“Kai yi gyaran, addu'ar ka bar mini.”

Ya ce tayar baya ta ƙare. Na saya. Da ya cire ta sai ya ga tib ɗin faci ne bisa faci, ba wurin da za a ƙara wani. Na saya. Washegari ya aiko cewa sarƙa tana tsalle, kwana biyu kuma aka ce boris ɗin gaba sun niƙe. Kowane zuwa sai in tarar da sabon abu yana jirana. Ga kambas, ga safa, ga ƙararrawa. Na ciro buhu guda daga rudu na kai kasuwa a lokacin da albasa ta cika ko'ina ba mai ko tayawa, zuciyata ba ta so ba, amma na sayar.

Birki ne ya rage. Mai gyara yana da tsofaffin hannuwan birki da sandunansu, ya ce zai ba ni a kan sauƙi. Robar da ke kama ƙarfen ƙafa ce ba shi da irin ta wannan tsohon keke, sai an je Sakkwato, kuma ba lallai a samu a shago guda ba. Saura kwana biyu tafiya. Na lissafa kuɗin mota da na roba da yinin da zan ɓata, na ji kamar an ɗora mini dutse. Idona ya faɗa kan wani tsohon silifas shuɗi da aka yar a gindin bishiyar.

Na ce, “Yanka wanga ka ɗaura.”

Ya dube ni. “Malam, in an matsa shi a tsaye zai kama. Amma ba ya riƙe gangare. Ƙarhe na yin zahi shi hita.”

“Malaminsu a tsaye zai duba. Yaro kuwa yana da diddige kamar ubansa. Wa ya taɓa tsayawa da birki a gidanmu?”

Mai gyara ya jawo silifas ɗin. Ya ɗauki reza ya yanka guda huɗu, ya soke su a mazauninsu, ya shafa musu baƙin mai har shuɗin ya ɓace. Ni na ce ya yi, ba shi ya kawo shawarar ba, ina so wannan ya fito fili.

Ban gaya wa yaron ba. Na san halinsa. Da ya ji, da ya je ya faɗa wa malaminsu da bakinsa, a hana shi tafiya, duk abin da na kashe ya tafi a banza, shi kuma ya zauna yana kallon 'yan'uwansa suna wucewa. Na ce wa raina tausayinsa nake ji. A tsakar gida ya hau ya zagaya, ya matsa birki keke ya tsaya cak, ya yi ta murna yana kaɗa ƙararrawa har uwarsa ta fito ta ce zai kashe mata kunne.

Ranar Asabar bayan sallar asuba na raka shi filin makaranta. Yara tara ne. Malamin sikawut saurayi ne siriri, mai ladabi, ya durƙusa ya gaishe ni kafin ya fara aikinsa. Ya bi kekunan ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan namu ya danna taya, ya kaɗa ƙararrawa, ya matsa hannuwan birki ya tura, keke bai motsa ba.

“Madalla. Allah gafarta Malam, an yi ƙoƙari.”

Na ce, “Alhamdu lillahi.” Da bakina na faɗa.

Sannan ya juya ga yaran ya ce musu kada ya ga wanda ya sa ƙafa a kan taya, wannan aikin 'yan ɗaukar kaya ne, ɗan sikawut da hannu yake tsayawa. Yaran suka yi dariya. Na dubi ƙafar yaron, sabon kambas fari, igiyarsa doguwa an ɗaure ta da kunnuwa biyu suna lilo. A nan ne ya kamata in kira shi gefe. Na yi musu addu'a na shafa, suka jera suka fita, na koma gida.

Da hantsi ya ɗaga sosai ina zaure ina gyara alƙaluma, sai na ji Keke Napep ya tsaya a ƙofar gida, abin da ba a saba ba. Malamin ne ya fara fitowa, rigarsa da jini. Yaron yana kwance a kujerar baya, hannunsa na dama a naɗe cikin ƙyallen wuyansa, fuskarsa ta yi fari fat. Bai yi kuka ba. Abin da ya fara ce mini shi ne, “Baffa, keken Baba ya lalace.”

Daga baya na ji yadda aka yi. Sun isa Shagari lafiya, sun sha ruwa sun ci ƙosai, malamin ya sa kowa ya cire tib ya yi faci a gabansa, yaron ne ya fara gamawa. A dawowa akwai wani gangare da ke sauka kan kwalbati. Wani bafillace ya koro shanu za su tsallaka, na gaba suka rage gudu. Yaron ya matsa birki, keke bai saurara ba. Ya ƙara matsawa. Da ya ga zai afka wa na gabansa sai ƙafarsa ta yi abin da ta saba, ta hau tayar gaba. Kambas ba shi da kaurin takalmin taya, ya zame, igiyar ta shiga cikin wayoyin ƙafar keke ta nannaɗe. Keken ya tsaya wuri guda ya wurga shi ta kai, ya faɗi a kan gwiwar hannu a bakin kwalbatin, keken kuma ya buge yaron da ke gabansa, shi ma ya faɗi ya fasa leɓe, haƙorinsa guda ya karye.

Muka kai shi asibiti a nan gari suka ce sai an ɗauki hoto a Sakkwato. Sakkwaton da na ƙi zuwa don robar birki, na je ta sau biyar a wata guda. Hoto ya nuna ƙashi ya karye daidai gaɓa. Aka ɗaure, aka kwance, aka ce bai zauna ba. Dangin uwarsa suka kawo mai ɗori daga Dingyadi, ya ja hannun, yaron ya yi ƙarar da har yau in na tuna ta sai in ajiye abin da ke hannuna. Uban ɗaya yaron ya zo duba mu, mutumin kirki, bai nemi komai ba, ya ce ƙaddara ce. Ni na san ba zan iya barinsa da gyaran ƙafar kekensa da maganin bakin ɗansa ba. Rudu ya yi ta raguwa. Kafin ruwan farko ya sauka babu ko buhu guda a ciki.

Wannan duk bai dame ni kamar abin da na yi ranar da aka kawo keken ba. Wani mai kurar ɗaukar kaya ne ya kawo shi da la'asar, ƙafar gaba ta lanƙwashe kamar faifai. Na duba birkin. Uku daga cikin robobin sun fita, sun bar ƙarfe tsirara. Guda ta rage a baya, man ya goge, shuɗin ya fito, har zanen ƙasan silifas ana gani. Na waiga ba kowa. Na zare ta na jefa a gafakar da nake ajiye takarduna.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Iyaye suka taru suka je wa shugaban makaranta, aka ce an dakatar da tafiyar keke, wasu ma suka cire 'ya'yansu daga sikawut ɗin baki ɗaya. Malamin yana zuwa kusan kullum da ɗan lemo ko madara. Wata rana ya tsaya da ni a ƙofar zaure ya ce, “Allah gafarta Malam, ni na duba birkin nan da hannuna. Na rasa inda na yi sakaci.” Na ce masa ya bar wa Allah. Mai gyara kuwa in na wuce ta tasha sai ya ɗaga kai ya ce, “Malam, ya mai jiki?” in ce da sauƙi, ya mayar da kansa kan aikinsa. Bai taɓa ƙara kalma ba, kuma bai gaya wa kowa ba. Na koma bin wata hanya zuwa kasuwa.

Yaron ya daina cin abinci sosai. Uwarsa ta ɗauka zafin ciwo ne. Yakan zauna a bakin ɗaki da hannu a rataye yana kallon keken da na jingina a bango. Ina ji yana gaya wa abokansa da suka zo gaishe shi cewa shi ya jawo, malam ya hana sa ƙafa shi kuma ya sa, ga shi ya karya wa wani haƙori, ya sa an hana kowa bajo. Ina zaure ina jin wannan, ina biya wa yara karatu, ina gyara musu wasali.

Bayan kamar mako shida malamin ya ce masa ya rubuta labarin tafiyar duk da haka, ko ba komai ya cika wannan sharaɗin. Hannun dama ba ya riƙe biro. Yaron ya zo da yamma bayan yara sun watse, ya tsuguna gabana kamar da.

“Baffa, in faɗa ka rubuta mini da ajami. In hannuna ya warke in juya.”

Na ɗauko takarda, na tsoma alƙalami. Ya fara, a hankali, yana tunawa. Mun tashi bayan asuba. Mun wuce gonaki an yi sharar su ana jiran ruwa. Mun ga mata suna kai nono. A Shagari wani tsoho ya tambaye mu ko mu sojoji ne. A nan ya ɗan yi murmushi, ni ma na yi. Ya faɗi faci, ya faɗi ƙosai. Sai ya iso gangaren.

“Rubuta, na matsa birki ban matsa da kyau ba. Sannan na saɓa umurnin malam na sa ƙahwa. Laihina na.”

Alƙalamin yana hannuna, tawada ta taru a bakinsa. Da shi nake rubuta wa yara ayoyi a allo. Na tsaya har ɗigo ya faɗo kan takardar.

“Baffa, rubuta mana.”

Na ajiye shi. Na jawo gafaka na lalubo robar, na ɗora a tafin hannunsa na hagu. Ya juya ta, ya ga zanen.

“Wanga ai silifas na.”

“Shi na birkinka. Ni na sa anka yanka shi anka ɗaura. Ko ƙato ya matsa shi ba ya tsai da keke ga gangare. Ka matsa da kyau, ɗana. Ba ka yi laihin komi ba.”

Ya sake juya abin a hannunsa. Can ya ce, “Mai gyara ya cuce ka?”

“A'a. Ya gaya mini. Na sani.”

“Ranar da munka tashi ka sani?”

“Na sani.”

“To mi ya hana ka gaya mini?”

“Na san za ka gaya wa malaminku.”

Ya ce, “I, da na gaya mishi.”

Bai ɗaga murya ba, bai yi kuka ba. Na roƙe shi gafara, ni da furfurata, shi yana tsugune. Ya ce, “Ba komi, Baffa, na yahe,” da sauri, kamar yadda yaro mai tarbiyya yake amsa wa babba. Ya miƙe ya shiga wurin uwarsa da robar a hannu. Can na ji kukanta.

Washegari na je makarantar na faɗa wa malamin a gaban shugabansu. Saurayin ya sunkuyar da kai, kunyata ta hana shi dubana. Na je wurin uban ɗaya yaron na faɗa masa. Na biya ta tasha, mai gyara ya ture mini benci na zauna kusa da shi. Maganar ta zaga gari, aka yi ta kwana biyu aka bari. Iyaye biyu suka cire 'ya'yansu daga zaurena, ban ga laifinsu ba. Shekarar da ta biyo aka dawo da tafiyar keke, aka ce yanzu sai malamin ya hau kowane keke da kansa ya gangara da shi kafin ya yarda.

Yaron ya koma cin abinci a makon nan. Ya koma wasa da abokansa, na ji shi yana dariya a waje. Wannan na gode wa Allah a kansa, don shi na nema. Hannun ya warke, amma bai ƙara miƙewa sosai ba, ya tsaya a ɗan lanƙwashe. Malamin ya ce masa ya sake gwadawa da keken aro, ya ce a'a, da keken ubansa ya so. Na ce zan gyara shi, da birki na gaske daga Sakkwato. Ya ce in bar shi, kada in wahala.

Bai ƙara kawo mini takarda ya ce in duba ba. Yana gaishe ni safe da yamma, yana yi mini aike, bai taɓa yi mini musu ba. Sakamakon jarrabawarsa a bakin uwarsa nake ji. Yanzu ya girma, yana koyon ɗinki a Sakkwato, yana zuwa da salla da ɗan turmin yadi ya ajiye mini. In zai ba ni hannu sai ya matso kusa sosai, don hannun ba ya kaiwa daga nesa, ni kuma in riƙe shi ɗan lokaci fiye da yadda ake yi, har ya zare a hankali.

Takardar tana cikin gafaka. Rubutun ya tsaya a kan shanu suna tsallaka hanya, ƙasansa ɗigon tawada. Sallar da ta wuce na fito da ita na nuna masa, na ce ko za mu ƙarasa. Ya karɓa ya duba, ya daɗe, don ajaminsa ya yi sanyi. Ya miƙo mini ya ce, “Baffa, ajiye ta. Wata rana.” Na mayar da ita inda take.